Gwaggo Ramatu, Mai Jiƙa Aiki

Ranar Talata da hantsi, ina ofishin noma a Tawa ina jan layi a takarda, direban motar garinmu Bambeye ya leƙo ya ce Gwaggo Ramatu ta rasu bayan asuba, har an kai ta makwancinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ƙirji ne, kwana huɗu. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni har na shiga lakkol, makarantar boko. Takardar da ke gabana kuwa tsarin garkarta ne, wato lambunta, wanda na yi mata alkawari mako bakwai da suka wuce.

Gwaggo tana da hanyarta ta fara aiki, kuma na daɗe ina jin haushin hanyar. In wanki ya taru, sai ta tsoma kayan gida duka a ruwa tun ba a karya kumallo ba, har da rigar da kake shirin sawa. In bango ya tsage, sai ta kwarara tulu biyu a kan ƙasar yaɓe ta yi tafiyarta, dole wani ya zo ya cuɗa kafin ta bushe. Jiƙa aiki take kiran wannan. Duk wanda ya yi ƙorafi, amsarta ɗaya ce: "In an jiƙa, shawara ta ƙare."

Bana gero bai yi ba. Ɗanta Mamman ya tafi ci-rani, ya bar matarsa Hadiza da yara huɗu, rumbu kuma babu abin da zai kai su bazara. Da hukuma ta ce a koma noman rani, Gwaggo ta ce za ta tayar da tsohuwar garkarta ta bakin fadama, ta sa albasa. Ni kuwa wata uku ke nan da na gama makarantar noma. Na ce ta dakata in auna ruwan rijiyar, in san fangali nawa zai iya shayarwa, a kuma gyara darni tukuna saboda awaki.

Ta dube ni, ta kira ni yadda ake kiran ma'aikatan boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, rijiyar ga ta girme ka. Mi za ka auna mata?"

Na auna duk da haka, sau biyu. Awon bai zo ɗaya ba, sai na ce zan dawo in sake. Asabar ta farko aka kira mu taro. Ta biyu ban sami mota ba. Daga nan ba ni da wani dalili, tsoron kuskure ne kawai ya zaunar da ni. Sai ga saƙo cewa ta yafa irin, wai in gaya wa takardata. Na fusata ƙwarai, na aika mata cewa a shekarar fari ba a wasa da iri da ruwa. Wannan ce maganata ta ƙarshe gare ta, kuma a bakin direba na ba da ita.

Da na je gaisuwa na lissafa: kwana talatin da takwas da yafawa, irin ya kusa isa dashe. Hadiza ta ce Gwaggo da kanta take jan guga safe da yamma har ranar da ta kwanta. Darnin kuwa ba ta bari an taɓa gefen gabas ba, ta ce nawa ne. Ta nan awaki suka shiga a kwanakin jinya.

Bayan addu'ar uku na ɗauki kara da igiya na rufe gefen. Aikin da na ja wa mako bakwai bai kai la'asar ba. Ni da Hadiza muka yi dashe kwana biyu. A takardata fangali goma sha huɗu na zana. Abin da awaki suka bari ya cika tara. Biyar ɗin nan abincin yara ne, kuma ni na ɓatar da su.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Ramatu, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa aljanna ce makomarta. Allah Ya dawo da Mamman lafiya, Ya ba Hadiza haƙuri da ƙarfin jan guga, Ya sa albarka a fangali taran nan har su kai yaran damina. Ni kuma Allah Ya yafe mini. Amin.