Tafinta Tsakanin Surukai

Shekara uku na yi ina shirga wa tsofaffi biyu ƙarya, kuma ni da hannuna na haɗa abin da ya tona mini asiri.

Matata Ibo ce. Karatu ya kawo ta Samaru, tana zaune gidan kawunta mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, a coci muka haɗu. Mahaifiyarta na can kudu, sai dai ta zo ta koma, kuma ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri, sai yarensu da Turancin buroka. Mama kuwa, tawa uwar, Bazazzagiya ce, jigo a zumuntar matan coci, ba ta jin komai sai Hausa. To ni ne tafinta, ga shi dukansu biyu bakinsu ba birki.

Ranar da surukata ta fara ɗanɗana miyar kukar Mama, cewa ta yi ruwan wanki ne aka sa wa kore, ina barkono? Na juya na ce wa Mama ta ce miya ta yi daɗi, Allah ya ƙara albarka. Mama ta kalli zanin surukata ta ce da irinsa ake labulen shagon aski. Na ce wa surukata an ce ta yi kyau. Haka muka yi ta tafiya. Matata tana tsintar yaren kowa, amma sai dai ta taka mini ƙafa.

Sana'ata haɗa manhajar waya. A lokacin ina yi wa 'yan kasuwar Sabon Gari wata ta hira da masu sayen kayansu, irin wadda za ka rubuta sau ɗaya ta hau kowace waya, mai tsada da mai araha. Kukansu ɗaya ne, yare. Sai na ƙara mata fassara: ka danna maɓalli ka yi magana, ta aika wa injin fassara a intanet, ta dawo ta karanta wa ɗayan da harshensa. Na gwada da ɗaliban Samaru, amma waɗannan rabin Hausarsu Turanci ne, ba su wahalar da inji ba. Tsofaffi nake nema.

Ana cikin haka matata ta haihu. Surukata ta iso gidanmu na Unguwar Gabas da buhun busasshen kifi, don a al'adarsu uwa ce ke yi wa 'yarta jego. Mama ma kullum da safe tana sauka daga keke napep da ganyen darbejiya da kanwa, don ita a wajenta jikanta ne, ba mai nuna mata yadda ake wanka. Na ga za a yi yaƙi a kan mai jego. Sai na ce wa Mama surukata na roƙon ta koya mata wankan safe, na ce wa surukata Mama ta sallama, ta ce na yamma sai gwanaye. Kowacce ta kumbura, gida ya zauna lafiya.

Wallahi har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Son a yaba ne kawai. Wata safiya na karɓi wayar Mama mai fasasshen gilashi, da ta surukata mai tsadar nan da ɗanta ya aiko mata, na sa musu manhajar, na nuna musu maɓallin. Na yi ta murna ta hau duka biyun ba gardama, na hau keke zan je Samaru.

Mun yi nisa na buɗe shafin da nake duba saƙonnin gwaji. Na farko daga surukata ne, inji ya juya shi tsaf: kunun nan da kike ɗura wa 'yata siminti ne? Amsar Mama na biye: ke da kike ba ta farfesun da ke sa jariri atishawa daga ɗaki? Na uku ya ce, ba ke kika ce na fi ki iya wanka ba? Na huɗu kalma biyu ne: in ji wa?

Na ce wa mai keke ya juya, ya ce ai mun kusa, na ce ya juya ko in dira. Ina iya kashe fassarar daga wayata, har na ɗora yatsa. Sai na fara kiran matata, don ita nake jin tsoron a ɗaga wa hankali, kwananta tara da haihuwa. Ta ɗauka tana dariya har tana cewa ɗinkin haihuwarta zai warware, ta ce in na taɓa abin nan kada in dawo gidan.

Na same su a tabarma ɗaya, kowacce ta kafa baki a waya tana zazzaga masifa, wayoyin na maimaitawa da wata murya mai sanyi kamar ta mai karanta sanarwa a coci. Sun gama da wanka, sun koma baya suna bin shekara ukun nan ɗaya bayan ɗaya. An tono miyar kuka, an tono labulen shagon aski. Surukata na share hawayen dariya da bakin zani.

Mama ta ajiye wayar ta ce, "Zo nan, tafinta."

Na durƙusa. Na fara cewa zaman lafiya nake nema, ta ɗaga mini hannu.

"Ni fa shekara uku ina ɗaukar matar nan munafuka. In ga fuska a murtuke, kai kuma ka ce tana sa mini albarka. Na ce mai irin wannan hali ba a sakin jiki da ita. Ko ruwa ta ba ni sai na yi addu'a sau biyu. Ashe mutuniyar kirki ce, abin da ke cikinta shi ke bakinta. Tun da babanka ya rasu ban samu mai gaya mini gaskiya ido da ido ba, sai ga ta, kai kuma ka tsaya a tsakani. Ka cuce ni."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Surukata ta danna maɓalli ta ƙara nata, wayar ta sanar da ni cikin ladabi cewa kaina babba ne amma ba komai a ciki. Mama ta ce wannan fassarar ta fita daidai.

Da wata uku suka cika muka raka surukata tasha. Mama ce ta riƙe mata jaka, ta cusa mata ƙullin kuka a ciki, ita kuma ta bar wa Mama barkono. Mota na tashi Mama ta juya baya tana goge ido, ta ce hayaƙi ne.

Har yanzu kullum da safe sai sun yi faɗansu a waya kafin kowacce ta ɗora tukunya. Ni dai ba a kirana sai in data ta ƙare.