Ramin Yatsa a Ƙafar 'Yata

Ko zan manta sunana, ba zan manta ranar da majon disfansar, wato ƙaramin asibitinmu, ya danna ƙafar 'yata da yatsa ba.

Shekarar farin nan ce, muna wani ƙauye kusa da Droum. Gero ya kai gwiwa ya ƙone, har ɓeraye suka yi ƙaura daga rumbuna. Kullum mai ɗakina za ta ajiye mini tuwo a akushi, in ce, "Ku fa?" ta ce, "Mun ci, Malam." Ni kuwa in tuwo yana gabana ba na tambaya sau biyu.

'Yata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, sai kumatu suka cika, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Na riƙa saɓa ta a kafaɗa zuwa wurin hira ina cewa, "Ku ga 'yar gidan wadata! Naku duk sun koma tsinke." Wata uku na yi a lakkol, wato makarantar boko, aka kore ni saboda barci, amma a lokacin ji nake na fi kowa sani.

Wata safiya ƙwannafi ya dame ni, na ce bari in je a ba ni magani. Na ɗauki yarinyar don likita ma ya ga aikina, uwarta na biye da mu a hankali.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ce, "Malam, me ke tafe da kai?" Na ce ƙwannafi. Ko kallona bai yi ba. Ya kama ƙafar yarinyar, ya danna da babban yatsa, ya ɗan jima, ya ɗaga. Rami ya zauna kamar an danna tuwo. Na tsaya ina jira ya ciko. Bai ciko ba.

"Wannan ba ƙiba ba ce," in ji shi. "Ruwa ne. Yunwa ce ta kumbura ta. Ka ƙara jinkiri kaɗan, ba wurina za ka kai ta ba."

Na ce, "Yunwa? A gidana?"

Ya juya ga uwarta. "Baiwar Allah, me kuke ci?" Ta sunkuyar da kai. Da ya matsa, ta ce anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, da aka jiƙa da ganye, sai ruwan ɗaurayar tukunya ga yarinyar. Ɗan geron da ya rage nawa ne, wai ni ke fita nema. Nema! Dara nake zuwa bugawa. Mayafinta ya zame, na ga hannun matar da nake kwana gida ɗaya da ita, ƙashi da fata.

Majo ya ce, "Kai kuma ƙwannafi. Sannu da ƙoshi."

Ya ce ƙwaya kaɗai ba za ta yi komai a cikin da ba abinci ba. Ya riƙe su duka biyu, ana ba su magani haɗe da madara da kunu, kaɗan-kaɗan. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya sace, na tarar da 'yar mitsitsiyar halitta, haƙarƙari a waje. Na ɗora hannu a ka na ce, "Kun ramar mini da ita!" Ya ce, "Yau ka fara ganin 'yarka. Yanzu ne take warkewa."

Allah ya yi da sauran kwananta. Yau da jikokina take zuwa, ta miƙo ƙafa ta ce, "Baba, danna ka gani." Kowa ya yi dariya, ni kuwa har yanzu sai na danna na tabbata.

Abin da na koya, magani da abinci tare suke aiki, kuma mara ƙarfi a gida shi ne ba ya kuka. Tun daga ranar, in an ce mini "mun ci", sai na tashi na buɗe tukunya da hannuna.