Malam Sabitu Hawwaf da Kalmar Talata

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Malam Sabitu ɗan Abdulwasi'u a unguwar Jarwal ta birnin Makka, cikin watan Rajab na shekarar 1374 Hijiriyya, daidai da 1955 Miladiyya. Mahaifinsa mutumin ƙasar Katsina ne da ya taho aikin hajji a ƙasa, ya shekara shida a hanya, ya zauna yana yi wa alhazai dako. Mahaifiyarsa Fatsuma kuwa haifaffiyar Jarwal ce, sana'arta sayar da gurasa.

Tun yana ɗan shekara tara yake kai gurasa gidaje masu benaye, inda al'adar matan sama ita ce su zuro zambil, wato kwandon kaba, da igiya ta taga. Sabitu ba shi da haƙurin jiran igiya. Kwando na can wajen hawa na uku, sai ya tsaya a tsallaken lungu ya wurga gurasar, ta faɗa ciki. Mahaifiyarsa ta sha zane shi saboda wulaƙanta abinci, amma ba a taɓa kawo mata ƙarar cewa gurasa ta faɗi ƙasa ba.

Karatunsa da Ƙwallon Kwando

Bayan ya kammala sakandare, ya shiga wata kwalejin horar da malamai a Makka cikin shekarar 1974, aka ɗauke shi a ƙungiyar ƙwallon kwando duk da cewa shi ne mafi gajarta a cikinsu. A zamanin nan duk ƙwallon da ta shiga kwando maki biyu ce, ko daga gindinsa aka jefa ta ko daga ƙarshen duniya, don haka kowane mai hankali kusa yake kutsawa. Sabitu kuwa wurin tsayuwarsa ɗaya ne: wani murfin ƙarfe na magudanar ruwa da ke can nesa a filin simintin kwalejin. Nan yake dasa diddige ya saki ƙwallo, kuma abokin wasansa Hashimu ya shaida cewa cikin jifa goma bakwai ke shiga. Abin al'ajabi, wannan baiwa ba ta jawo masa komai ba wurin kocinsu sai faɗa.

Wasan Shekarar 1977

A shekarar 1977 kwalejinsu ta kai wasan ƙarshe na gasar kwalejojin yankin, aka buga shi a filinsu da wata kwaleji ta Jidda, wadda ke da wani zabgegen ɗan wasa mai tsare gindin kwando. Saura daƙiƙa biyar a tashi, Jidda na gaba da maki uku, ƙwallo kuma na hannun Sabitu. Hanya ɗaya ce ta samun uku a ƙa'idar lokacin: mutum ya kutsa, a yi masa keta, ƙwallo ta shiga, a ƙara masa jifa ɗaya. Koci ya daka tsawa, “Talata! Talata!”, wato uku a Larabcin Hijaz. Sabitu ya dubi zabgegen, ya ja da baya zuwa murfinsa, ya saki. Ƙwallo ta shiga ba ta ko taɓa ƙarfen kwando ba. Aka rubuta maki biyu, aka tashi sittin da ɗaya da sittin, Jidda ta ci.

A gaban jama'a koci ya kira shi Hawwaf, wato matsoraci, kuma kafin magariba sunan ya riga shi isa Jarwal. Abin takaici ne, kuma har yau yana ɗaure wa mai wannan rubutu kai, yadda unguwa guda ta manta da sunan yankan mutum cikin yini ɗaya. Daga ranar bai sake taɓa ƙwallo ba.

Aikinsa da Iyalinsa

Ya kama aikin koyar da ilimin ƙasa a wata makarantar firamare a unguwar Hindawiyya cikin shekarar 1978, ya shekara talatin da bakwai a can, yana zagaye filin wasan makarantar ta bayan bango don ya kauce masa. A shekarar 1981 ya auri Iyatu, 'yar ƙasar Maraɗi da ta zo hajji tare da iyayenta, wadda Larabcinta bai taɓa wuce na cefane ba. 'Ya'yansu kuwa sun tashi da Larabci, Hausarsu ta tsaya a gaisuwa. A makaranta ana kiran su 'ya'yan Hawwaf, su kuma suna zaton don mahaifinsu ya ƙi koyon tuƙin mota ne.

A ƙarshen shekarar 1984 aka shigo da layin maki uku, aka ce duk wanda ya jefa daga bayansa uku za a rubuta masa. Hashimu ya zo masa da labarin a guje, da awon magina a hannu, ya ce su je su auna murfin. Sabitu ya ƙi. Abin da ya ce masa, kamar yadda Hashimu ya riwaito, shi ne: “Ya Hashimu, in muka je muka tarar ƙafata a cikin layi take fa? Kenan koci ya yi gaskiya. Halas, shi ke nan, bar shi.” Haka aka bar shi shekara arba'in.

Rashin Lafiyarsa

Kwana biyu bayan ƙaramar salla ta shekarar 2024 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya ɗauke, ba abin da ya rage masa sai kalma ɗaya, yana maimaita ta safe da yamma: “Talata.” Iyatu, da kunnenta na Hausa, ta ji ranar Talata, ta tabbatar wa kanta Malam ya hango ranar tafiyarsa, har ta sa aka sayo likkafani. 'Ya'yan, da kunnensu na Larabci, suka ji uku, suka rasa uku na mene ne. Talata uku a jere gidan ya cika da 'yan uwa ana karatun Alƙur'ani, Malam Sabitu na kallon su da ido, ba abin da ya faru.

A farkon watan Mayu Hashimu ya dawo daga Madina ya zo dubiya. Da ya ji kalmar, sai ya riƙe baki.

“Hajiya, ba rana yake faɗi ba,” in ji shi. “Ya jama'a, wai ku ba ku san wane ne ubanku ba?”

Ya ba su labarin wasan tun daga farko. Bandar, babban ɗan, wanda ya shekara ashirin yana kallon ƙwallon kwando a gidan abokai saboda an hana shi a gida, ya zame ya zauna a ƙasa, ya dubi Hashimu, wanda suke kira Ammi, wato baffa. “Ammi Hashimu, Abuya? Babanmu? Wallahi ko lemo ban taɓa ganin ya wurga ba.”

Washegari suka ɗauke shi a keken marasa lafiya zuwa tsohuwar kwalejin, wadda ta koma wurin ajiye motocin alhazai. Sandar kwando na nan ta yi tsatsa, murfin ma na nan ƙarƙashin wata bas, sai da aka nemo direba ya janye ta. Malam Sabitu ya runtse ido. Bandar ya ja awo daga ƙarƙashin kwando zuwa murfin, ya duba, ya sake ja. Mita bakwai ne da santimita arba'in, ya zarce layin 1984 da fiye da mita guda, ya zarce har na yau. Raghad, 'yar Malam Sabitu, ta durƙusa a gefensa ta haɗa Hausar da take da ita: “Abuya, a waje kake. Talata ce.” Ya buɗe ido, ya ɗaga yatsu uku na hannunsa mai lafiya, hawaye na bin gemunsa. Daga wannan rana bai sake furta kalmar ba, Iyatu kuma ta ninke likkafanin ta mayar akwati.

Rasuwarsa

Allah Ya yi wa Malam Sabitu rasuwa da hantsin ranar 6 ga Zulƙida 1445, daidai da 14 ga Mayu 2024, yana da shekara sittin da tara. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Sai da aka dawo daga maƙabarta 'ya'yansa suka lura cewa ranar Talata ce, kuma har yau Iyatu na nan a kan bakanta cewa ita ce ta ji daidai.

Ya bar matarsa Iyatu da 'ya'ya huɗu: Bandar, Abdulganiyyu, Raghad da Manal, da jikoki tara. Sakamakon wasan 1977 bai canza ba, sittin da ɗaya da sittin yake. Amma cikin kwana ukun zaman makoki a Jarwal, ba a ji mutum ɗaya da ya kira shi Hawwaf ba. Allah Ya jiƙan Malam Sabitu, Ya sa makwanci ya zama hutu.