Sirrin Naman Alhassan

Duk Rigasa ba wanda ya kai maƙwabcina Alhassan yarda da cewa abin da sa ya ci shi ake ji a namansa. Sa ɗaya yake turkewa a bayan gida, ya yi ta ɗura masa har ya yi ɓul-ɓul, mahauci ya yanka, matan Unguwar Rimi su aiko direbobi su yi layi. Naman ga laushi, ga wani ƙamshi da kowa ya kasa gane kansa. Alhassan ya ce sirrin haɗinsa ne.

Matsalar ita ce ba ya ba sa abin da bai ɗanɗana ba. Dusa sai ya zuba a baki. Harawa sai ya tauna yana lumshe ido. Na taɓa ganin ya mayar da buhun kowar wake guda, wai ya ji ta kwana kusa da kananzir. Kafin azahar cikin Alhassan ya cika dam. Matarsa Hansai, wadda in ta kaɗa miyar kuka mu maƙwabta ke rasa sukuni, sai ta ajiye masa tuwo, ya ce, "Rufe shi, Maman Yasmin, na ƙoshi." Ni dai abin nan yana ƙona mini rai.

Shekara da shekaru ana haka. Ran nan ta yafa mayafi ta yi yaji, sai gidan yayanta a Mando. Alhassan bai lura ba sai da ya ga ba a zuba wa sa ruwa ba.

Sa kuwa ya daina ci. Alhassan ya sauya dusa, ya ƙara ƙuli-ƙuli, har ya durƙusa gaban kwami yana ci don ya nuna masa yadda ake yi. Sa ya kawar da kai. Da ƙasusuwansa suka fara fitowa, sai ya tsinke igiya ya je ƙofar madafa, ya tura hanci cikin langar tuwo da ba komai, ya yi ta kuka.

Na leƙo ta katanga na ce, "Malam Alhassan, tuwonka yake nema. Duk tuwon da ka bari, shi Hansai take juye wa. Da shi da waɗanda suka riga shi."

Alhassan ya daɗe yana kallon langar. Ashe daddawar Hansai ce ake yi wa layi.

Washegari muka tafi biko, ni da shi da sa, a ƙafa har Mando, masu Keke Napep na ta zaginmu. Hansai ta fito ta ƙare musu kallo.

"Malam, a cikinku wa ya zo bikon?"

Alhassan ya sosa ƙeya. Ta koma ciki ta fito da kwano ɗaya, ta dire tsakaninsu.

"In shi ya riga ka, ku koma tare. Kun ishi juna."

Ban taɓa ganin dattijo ya yi kokawa da sa a kan tuwo ba sai ran nan. Hula ta faɗi, takalmi ya tsinke, ya danne ƙaho da gwiwar hannu ya yanko loma. Ya tauna a hankali, ido lumshe, yadda yake yi wa harawa. Sai ga hawaye.

"Maman Yasmin, dama haka yake?"

"Haka yake tun ranar da aka kawo ni gidanka."