Ɗagawar Mutum Biyu

Bazarar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, na koma kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai. In ina shagona na maganin feshi a Funtua, hankalina na ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi. In na je ƙauyen kuma, ba na cika awa biyu sai in ji gidan ya yi mini ƙunci, in tayar da mashin in kama hanya. Akwai ranar da sai da na kawo Bakori na juya na koma, don kawai ban tambayi Inna ko ya sha maganin hawan jininsa ba, alhali ga waya a aljihuna.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibiti. Ta ce lallai a riƙa tsayar da shi safe da yamma, mutum ya riƙe shi ya taka ƙafar. In aka bari watannin farko suka wuce yana kwance, ƙafar za ta sandare, shi da tafiya kuma sai dai labari. Abu ne mai sauƙi a gidan kowa, ban da namu, domin Baba ya rantse ba wanda zai ɗaga shi.

Ɗan kokawa ne a zamaninsa. Da kaka, in an gama cire masara da dawa an share fili, har daga Musawa ake zuwa kallonsa. A kokawarmu kuwa, da zarar an raba ƙafafunka da ƙasa an tika ka, magana ta ƙare, sai ka kakkaɓe warkinka ka ba maza wuri. Shi abin alfaharinsa ke nan a duniya, cewa ba ɗan da mace ta haifa da ya taɓa ɗaga shi sama. To, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ciwo ya kayar da shi a bakin rumbu, amma duk da haka ya gwammace ya ja jiki a ƙasa zuwa bayan gida da ya bari in sa hannu a hammatarsa. Na lallashe shi, na yi masa wa'azi, na turo masa limami. Rannan har tsawa na yi masa, abin da nake jin kunyarsa har yau. Ya juya fuska bango, daga ranar kuma ya daina tanka mini gaba ɗaya.

Ni da shi dama ba mu cika jituwa ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni ne na ƙaryata wannan magana. Ban taɓa shiga fili ba. Da na tasa ma sai na gudu Funtua na buɗe gidan kallo, rumfar kwano da bencina da talabijin guda, inda nake nuna resilin, wato kokawar Turawa. Can ƙasarsu manyan wasanni ne da ake yi jefi-jefi a shekara, mutum ya biya kuɗi na musamman a hasko masa a gidansa ranar da ake yi. Mu kuwa sai bayan shekara ɗaya ko biyu kaset ɗin ke iso mana daga Kano, kwafin kwafi, kala duk ta zube, fuskokin mutane sun yi ruwan goro. Wannan bai dame mu ba. Ba ma jin Turancin mai bayani, don haka muka raɗa wa kowa sunansa. Akwai ƙaton da muke kira Buhun Masara, akwai wani siriri mai tsalle daga kan igiya da muke ce wa Fara. In rafali ya buga ƙasa sau biyu na kwance ya ɗaga kafaɗa, rumfar kamar za ta tashi sama. Kullum kuma sai an yi gardamar ko gaske ne ko shiri, ni ko ina gaba-gaba wajen rantsuwar cewa gaske ne, kuma har raina na yarda.

Sau ɗaya Baba ya taɓa leƙa rumfar, wata ranar kasuwa da ya kawo auduga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga an maka mutum da ƙasa, mutumin ya miƙe ya ci gaba da faɗa. Ya tofar da yawu ya ce wannan ba kokawa ba ce, rashin kunya ce, ya fita. Bai ƙara komawa ba har na rufe gidan kallon.

Ba zan yi ƙaryar cewa wata dabara ce ta sa na tono kaset-kaset ɗin nan ba. Shirunsa ne ya ishe ni. Na fi son ya zage ni da ya yi mini wannan shirun, kuma na san abin da ya fi saurin tunzura shi. Na zazzage kwalin da ke ƙarƙashin gado, rabinsu sun yi fumfuna. Kwana uku ina sintiri wurin mai gyaran rediyo a kan tsohuwar bidiyona, ina tsaye a kansa kamar mai jiran haihuwa, har sai da ya ce in je in sha iska ko ya fasa aikin. Ranar Asabar na ɗaure bidiyo da ƙaramar talabijin a bayan mashin, na ari janareta a wurin maƙwabcinmu mai markaɗe, na jona komai a zauren da yake jinya bayan la'asar.

Baba na kwance a tabarma, fuskarsa na bango kamar kullum. Inna ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah, mutum na fama da kansa ni kuma na kawo masa ihun Turawa. Na yi kamar ban ji ba. Hadari na ta haɗuwa a gabas ba ya zuba, zafi ya cika zauren, daga waje ana jin masu sharar gona suna dawowa. Na kasa zama. In gyara wayar wuta, in fita in duba man janareta, in dawo in tsaya. Hoton na rawa, layuka na hawa sama, amma ga Buhun Masara da Fara nan suna zagaye juna kamar ba a yi shekarun nan ba.

An kai minti ashirin bai motsa ba. Har na fara tunanin kwashe kayana, sai na lura ya juyo da kai, yana kallo ta wutsiyar ido. Daidai nan Fara ya sungumi ƙaton nan, ya ɗaga shi sama ya buga da ƙasa. Wannan ɗagawar mun yi shekara muna labarinta a Funtua.

"Mayar da shi baya," in ji Baba.

Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin kwana goma sha ɗaya. Bakin ya karkace, amma na ji sarai. Na mayar. Ya sa na sake mayarwa, sannan ya yi wata 'yar dariya ta gefen baki.

"Wannan ne kuka zauna kuna wa ihu? Dubi hannun ƙaton. Ya dafa cinyar yaron, shi ya tura kansa sama. Yo wa zai iya ɗaga wannan in bai so ba? Ɗagawar nan mutum biyu ke yin ta."

Na duba da kyau, na ga hannun. Na kalli kaset ɗin nan ya fi sau hamsin ban taɓa ganinsa ba. Ya kuma nuna mini yadda Fara ya tallafe ƙeyar ƙaton kafin su kai ƙasa don kada ya ji ciwo. Haushi ya kama ni, na tsohon mai gidan kallo da aka tona wa asiri, na fara musu. Na ce ƙarfi ne kawai, Turawan nan ƙarfe suke ɗagawa, dafa cinya ba zai rage wa mutum nauyi ba. Ya ce ban san komai ba, tun ina yaro ban san komai ba. Na ce to ai magana ce kawai, kowa ma zai iya faɗa daga kwance. Wallahi ban yi niyyar faɗin haka ba, bakina ne ya riga ni, kuma na ga Inna ta dafe ƙirji a bakin ƙofa.

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce in matso ya nuna mini yadda ake damfararmu.

Ya sa na durƙusa a gabansa. Ya ce in zura hannuna ta bayansa in kama ƙugu, ba hammata ba, hammata ta masu ɗaukar gawa ce. Ya gyara mini ƙafa, ya zagi tsayuwata. Sannan ya dafa cinyata da hannunsa mai lafiya, ya kafa ƙafar dama, ya ce in ya tura in miƙe, kada in riga shi. Ya tura, na miƙe, muka taso tare.

Ban san lokacin da ya rame haka ba. Mutumin da nake tsoro tun ina yaro, ga haƙarƙarinsa ina ƙirgawa da hannuna. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ƙafar hagu na karkarwa, tana neman ƙasa, har ta samu ta zauna. A talabijin ana ta ihu, ba wanda ke kallo. Baba ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji, ya ce to ai na gani, shi ya ɗaga kansa, ni jingina ce kawai. Na ce na gani, Baba, ka fi ni gaskiya.

Muka tsaya a haka, gemunsa a kafaɗata, numfashinsa na fita da ƙyar. Na tambaye shi ko in zaunar da shi. Ya girgiza kai. Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena, ya yi ƙasa da murya yadda ko Inna ba za ta ji ba.

"Kada ka sake ni," ya ce.