Ranar da Na Bar Tsoho a Kan Kwalta

Ni dillalin hatsi ne. Da tiya na fara awo a kasuwar Dayi, yau motoci nake lodawa daga Funtua zuwa kudu. Na yi wayo a ciniki ba sau ɗaya ba, kuma bai hana ni barci ba. Abin da zan faɗa nan shi ne ya tsaya mini a wuya.

A daminar da 'yan bindiga suka hana mutanenmu zuwa gonakin nesa da titi, manoma suka yanke shawarar zama a kan kwalta a mararrabar Dayi har wani babba ya zo ya saurare su. Na shiga ne don in ba a yi noma ba, ba ni da abin saye. Na ba su sitona na Dayi don a riƙa haɗuwa.

Wanda ya koya mana yadda za mu yi wani tsohon sajen 'yan sanda ne da ya yi ritaya ya koma noma a Malumfashi. Kwana uku muna taruwa bayan la'asar. Ranar farko ya sa aka caje kowa a bakin ƙofa, aka tara wuƙaƙen aljihu har da lauje biyu. Ya ce mai kaki ba fuska yake kallo ba, hannu yake kallo, don haka tafin hannu ya zauna a kan gwiwa, ko waya na ƙara a aljihu a bar ta. Ba gudu, ba zagi, mutum ɗaya ne zai yi magana. Sannan ya haɗa mu biyu-biyu. Ya ce ba ka tashi sai abokin zamanka ya tashi, in an ɗauke shi ka bi shi cikin mota.

Ni aka sa na zama soja a gwaji, da karan dawa a matsayin bindiga. Na yi ta daka tsawa har wani ya ce ashe hanya na ɓata, bariki ya kamata in tafi. Da aka zo rabon abokai, wani tsoho mai ciwon gwiwa, wanda aka sace ɗansa a gona, ya ɗaga hannu.

"Saje, ni a ba ni Alhaji. Da wannan tumbin ba inda zai gudu ya bar ni."

Aka yi dariya, na ce masa, "Baba, ko da ƙugiya ba a ɗaga ni."

Ranar zaman muka fito da hantsi, kwalta da sauran damshin ruwa. Motoci suka yi layi ta kowane ɓangare. Kafin azahar sojoji suka iso. Babbansu na sauka na gane shi: shi ne mai kula da shingen da motocina ke bi duk mako. Muna gaisawa sosai, har ɗanyar masara na taɓa aika masa. Ya bi layin da ido, ya tsaya a kaina.

"Alhaji, har da kai?"

Ban yi tunanin ɗan tsoho ba, ban yi tunanin gonaki ba. Motocina kawai na gani a tsaye a shinge ana sauke buhuna. Tsohon yana riƙe da gefen rigata. Na zare ta a hankali na miƙe, na matsa kusa da hafsan na yi ƙasa da murya, na ce ni lallashinsu na zo yi su tashi. Ya ce to in koma gefe. Na koma gindin dalbejiya cikin masu tallan ayaba.

Daga nan na kalli komai. Aka ce a tashi, ba wanda ya motsa, ba wanda ya ɗaga hannu daga gwiwa. Suka fara kwasar layin gaba, kowa abokinsa na biye da shi. Tsohon nan sojoji biyu suka ɗaga, ƙafarsa ta ƙi lanƙwasuwa a bakin mota, ya waiga yana nemana. Shi kaɗai ya hau.

Da yamma dattawan gari suka sa baki aka sake su. Amma mutane sun gan ni ina raɗa da hafsan, sai labari ya bazu cewa ni na roƙa. Saje kaɗai bai ce mini sannu ba. Ya dube ni ya ce mai magana ɗaya aka naɗa, kuma ba ni ba ne, ya hau babur ɗinsa.

Bayan kwana biyu tsohon ya zo sito yana ɗingishi, da zakara a hammata. Ya ce da ban tashi na yi wa mutumin nan magana ba, da can za su kwana, ya yi ta sa mini albarka. Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya, ga mutane cike da sito ana awo. Na ce amin, na karɓi zakaran.

Har yau in ya shigo Funtua sai ya biyo inda nake lodi, ya nuna ni ga wanda ya rako shi ya ce ga mutumin da ya fitar da su. Ni kuma sai in sa a kawo masa kujera, in shige ciki kamar ana kirana.