Hoton Hannun Malam

Malam ya rasu shekara biyu da suka wuce, ana saura kwana tara a ɗauki azumi. Har yau ina kukansa, kuma na daina jin kunyar faɗin haka. Marubucin Alƙur'ani ne irin na da, mai rubutawa da ka, takarda bayan takarda. Kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna a Dala, a gidan nan da nake ciki. Ni kuwa ko bihim ban sani ba. Abin da na sani tawada ce. Na yi shekara arba'in da 'yan kai ina dafa masa ita da bagaruwa da ƙaro da kashin maƙera. Duk baƙin da ya rubuta da tawadata ya rubuta shi, kuma ban taɓa karanta ko ɗaya ba.

Mutum ne da ba ya son a san shi. Ba ya sa sunansa a ƙarshen Alƙur'anin da ya gama, sai ya ce wanda aka yi dominSa ya san mai hannun. Hoto kuwa ba a ma tayar masa da maganar. Ɗaya tal ya bari, na katin ɗan ƙasa, wanda ya fito a ciki ya zare ido kamar an kama shi da kayan sata. Ba na kallon wannan. Ba shi ba ne.

Autarmu, wadda take rubuta wannan magana tawa yanzu, malama ce a wata makarantar 'yammata wajen Ƙofar Na'isa. Kwamfuta take koyarwa, da yadda ake neman ilimi a intanet. Na haddace darasinta tun kafin ɗalibanta, don a tsakar gidan nan take maimaita shi tana wanke-wanke. Kada ki yarda da abin da kika fara gani. Ki duba wane ne ya rubuta, kuma yaushe. Ki nemo wasu wurare biyu da suka faɗi haka, waɗanda ba kwafar juna suka yi ba. In babu hujja, ki rubuta cewa babu. Ina jin wannan ina jin daɗi. Na ce a raina, ashe boko ma ya san ba a karɓar magana daga bakin mutum ɗaya. Ban san a kaina za a fara gwada dokar ba.

A zangon da ya wuce ta ba 'yan ajinta aiki a kan sana'o'in cikin gari. Wasu rini, wasu dukanci, wasu ƙira. 'Yammata huɗu suka faɗa kan rubutun Alƙur'ani, sai ta ce su zo gida ranar Asabar da hantsi su yi mini tambayoyi. Suka zo da hijabansu iri ɗaya, suka durƙusa suka gaishe ni, suka yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, har sai da na share ido. Biyu ne kawai na riƙe a cikinsu: wata doguwa mai tabarau, ita ce mai riƙe da littafi, da wata 'yar gajeruwa da bakinta ba ya hutawa.

"Iya, an ce ke ce injin tawadar gidan nan," in ji gajeruwar.

Na ce, "Injin ya tsufa, ƙawata. Ke dai tambayi abin da ya kawo ki, kafin ki cinye mini gyaɗa."

Na faɗa musu yadda ake jiƙa bagaruwa, da yadda ake gane tawada ta nuna. Suna rubutawa suna leƙa waya, su ga ko intanet ta yarda da ni. Da alama ta yarda, don ba su kore ni ba. Daga nan suka fara nuno mini hotunan da suka samo, wai in faɗa musu sunan kowane kayan aiki. Ga alƙalami, ga gafaka, ga wuƙar fiƙa. Sai mai tabarau ta ja yatsa, wani hoto ya fito.

Hannaye biyu ne a kan takarda. Babu fuska, babu jiki, daga gwiwar hannu zuwa yatsu kawai. Na dama yana riƙe da alƙalami, na hagu ya danne gefen takardar. Farcen babban yatsan hagun a tsage yake gida biyu. Ban san lokacin da na karɓe wayar daga hannunta ba.

Na ce, "Malam ne."

Autata ta taso daga bakin murhu ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta koma bakin murhunta.

Na ce su ƙara masa girma. Suka buɗa shi da yatsu biyu. A bakin hannun rigar, farar riga ce, akwai ɗinki da koren zare. Ni na yi shi. Ƙusar ƙyauren zaure ce ta yage wurin, farin zare ya ƙare mini, ga shi ana kiran sallar Juma'a, na ɗinke da abin da na samu. Ya yi ta tsokanata da wannan ɗinki, wai na yi masa shaida kamar akuyar kiwo. Sai na tuna, shekara goma ko fi, ya shigo cin abincin rana ya ce wani baƙo ya zo da na'urar hoto da tafinta, ya matsa masa, shi kuma ya ce in dai dole ne a ɗauki hannu, ban da fuska.

Na yi kuka a gaban yaran nan, kuka sosai. Suka bari na gama. Sannan mai tabarau ta gyara zama, ta ce cikin ladabi, "Iya, ki yi haƙuri. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa wani marubuci ne a ƙasar Mali."

Na ce, "Malam ko Zariya sau biyu ya taɓa zuwa."

Abin da nake so ɗaya ne, kuma na faɗa musu: tunda za a sa aikinsu a shafin makaranta inda duniya za ta gani, su rubuta cewa wannan hannun mutumin Dala ne, mijina. Ko ba su sa suna ba, su mayar da shi gida.

Autata ta ce wannan dama ce ta koyon wani abu. Haka ta ce, dama. Ta nuna musu yadda ake ba intanet hoton kansa maimakon a rubuta mata tambaya, ita kuma ta nemo duk inda ya taɓa fitowa. Suka haɗa kai a kan waya ɗaya. Can sai gajeruwar ta yi shewa.

"Iya, mijinki ya yi yawon duniya! Ga shi a Sudan. Ga shi a Maroko. Nan kuma wasu sun sa shi a firam suna sayarwa a rataya a falo."

Mutumin da ko bikin unguwa sai an ja shi. Suka yi ta ƙirga shafuka. Mafi yawa sun ce Mali, amma da suka bi diddigi kamar yadda aka koya musu, sai suka gano duk daga wuri ɗaya suka kwasa. Shafin da ya fi kowanne tsufa kuwa cewa kawai ya yi, wani dattijo a Afirka ta Yamma. Babu sunan mai ɗauka, babu gari. Na ji sanyi a raina. Na ce to, an kayar da Mali, saura a rubuta gaskiya.

Mai tabarau ta buɗe sabon shafi a littafinta. "Iya, kin ga lokacin da aka ɗauki hoton?"

"A zaure aka yi. Me zai kai ni zaure da baƙo namiji a ciki?"

Ta rubuta. "Rigar tana nan?"

Rigar ba ta nan. Ranar sadakar bakwai na tattara tufafinsa kaf na bayar, kamar yadda ake yi, don ladan ya isa gare shi. Na ma fi kowa gaggawa, don ba na iya haɗa ido da su a kan igiya. Ban san wuyan da take ciki ba yanzu.

"Kurtun tawadar da ke gefen hoton fa?"

Babban ɗalibinsa, wanda shi ma yanzu dattijo ne, ya tafi da shi Barno, tare da alƙaluma da Alƙur'anin ƙarshe da Malam bai ƙarasa ba. Ni na ce ya ɗauka.

Gajeruwar ta ce a kawo wani Alƙur'anin da ya rubuta, su gwada rubutun da na cikin hoton. Yarinyar tana da kai, ban hana ta ba. Sai dai duk abin da Malam ya rubuta yana gidajen mutane, daga nan har inda ban sani ba, kuma babu sunansa a ko ɗaya. Wanda muke da shi a gidan nan bugun inji ne, wani ya kawo masa tsaraba daga Makka.

Na juya wajen autata na ce, "Ke ba ki da baki ne? Hannun ubanki ne ko ba shi ba ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, aikinsu ne. Su za su yanke."

Ban yi mata magana ba har kwana biyu.

Bayan sati uku ta zo ta zauna a bakin gadona ta karanta mini abin da suka sa a shafin makaranta. Sun yi bayanin tawada daidai, har da sunan unguwa. Da aka zo kan hoton, ga abin da suka rubuta, na sa ta maimaita har na riƙe shi: "Shafuka da dama sun ce a Mali aka ɗauki wannan hoto, amma ba su kawo hujja ba. Wata tsohuwa a Dala ta yi iƙirarin cewa hannun marigayi mijinta ne. Ba mu samu abin da zai tabbatar da hakan ba."

Su suka zo na ɗaya a ajin. Shugabar makaranta ta sa an karanta aikinsu a gaban taron ɗalibai, a matsayin misalin yadda ake bincike na gaskiya. Autata ce ta ba su makin da hannunta.

Na ce, "Sun kyauta. Ba su yi mini ƙarya ba, ba su yi wa Mali ba."

Sai ta fashe da kuka. Ta ce tun kallon farko ta gane shi. Ta ce wannan tsagaggen farcen da shi yake nuna mata baƙi lokacin tana ƙarama, tana bin sa da ido daga layi zuwa layi, ko a cikin hannu dubu za ta ware shi.

Na ce, "To mu biyu ke nan. Ba biyu kike cewa a nemo ba? Me ya hana ki buɗe baki?"

Ta ce ita 'yarsa ce, kuma ita ce mai ba da maki. Ta shekara tana koya musu cewa wanda yake da rabo a cikin magana ba a dogara da shaidarsa shi kaɗai. In ta ce su rubuta don ita ta faɗa, ta rushe abin da ta gina, kuma gobe duk wanda ya fi su girma zai ce su rubuta, su rubuta.

Taurin kan nan na san inda ta samo shi.

Na tambaye ta ko za a iya gyara layin, ko da a cire kalmar iƙirari, don ta tsaya mini a wuya. Ta ce zango ya ƙare, an rufe aikin, yaran sun wuce aji na gaba. Ta ce amma yanzu duk wanda ya nemi hoton nan a intanet, a cikin shafukan da za su fito masa akwai guda ɗaya da ya ambaci Dala.

Guda ɗaya, kuma shi ma ya ce ba a tabbatar ba. Shekara hamsin da ɗaya ina zuba wa hannun nan ruwa yana wankewa kafin ya ci tuwo. Allah Ya jiƙan Malam. Shi dai bai so a san shi ba, kuma 'yarsa da ɗalibanta sun cika masa burinsa ba tare da sun karya doka ko ɗaya ba. Ni ce dai ban samu nawa ba.